Daƙuwa a Ofishin Ɗan Girka

Da na gama karatu a Guangzhou ta ƙasar Sin, na samu aikin tafinta a ofishin wani ɗan ƙasar Girka mai tura kwantena Afirka daga tashar jiragen ruwa ta Nansha. Mutum ne mai fara'a, amma ni fara'arsa ba ta taɓa kwantar min da hankali ba. Takardun zamanmu duk sai da sa hannunsa ake sabuntawa, fasfunanmu kuma suna cikin durowarsa.

Kullum lokacin cin abincin rana sai ya kunna tsofaffin finafinan barkwanci na ƙasarsu, marasa kala, ya ce in zauna mu kalla. Ba na jin yaren, amma ba sai an yi min fassara ba. Ga attajiri mai tumbi, ga akawunsa da kwat ɗaya tilo, ga 'yar aiki baƙauyiya tana fasa faranti. Baƙar fata kuwa sau ɗaya na gani, yana buɗe ƙofa, ko uffan bai ce ba. Maigidanmu yana dariya har da hawaye, ni ina taya shi a kan dole.

A nan na ga abin da ya ɗaure min kai: suna daƙuwa. Irin tamu sak, yatsu biyar a ware. Attajiri yakan watsa wa akawu ita a fuska. Akawu kuwa sai maigida ya juya baya. Ban taɓa ganin fim ɗin da talaka ya yi ta gaba da gaba ba.

Akwai wani dattijo a ofishin, Alhaji, ɗan zangon Kumasi, shi ke kula da lodin kaya. Ba ya kallon fim, ya ce shirme ne. Takardar zamansa ta kusa ƙarewa, 'ya'yansa kuma da wannan aikin suke makaranta. Yana da wata tsokana: in ɗan kasuwa ɗan Sin ya ɓata masa rai a kasuwar Canaan, sai ya ware masa yatsu yana murmushi, shi kuwa ya ɗauka farashi ake tayawa. Na sha ce masa, “Baba, ban da ofis. Mutumin nan ya san ta.”

“Kai yaro, bari! Bature ya san daƙuwa? Wa ya koya mishi?”

Ranar da wata kwantena ta makara, maigidan ya yi ta masa ihu a gaban baƙi. Alhaji ya jira ya gama, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu daidai fuskar mutumin, yatsu a ware, yana kiransa laoban, wato maigida da Sinanci.

“Kwana biyar, laoban. Biyar kawai.”

Maigidan ya daɗe yana kallon tafin hannun nan. Sannan ya juyo gare ni.

“Wannan me ake nufi da shi a wurinku?”

“Biyar,” na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya jawo durowa a hankali, ya zaro fasfon Alhaji, ya miƙa masa da hannu biyu. Na san ba a kai shi ofishin shige da fice an sabunta ba, don ni ke kaiwa. Sallama ce kawai.

Muna sauka daga bene Alhaji ya dafa kafaɗata, yana washe baki.

“Ka gani ko? Na zage shi, ya gama min takarda. Bari in kira yara in faɗa musu.”