Hormuz Ali, Wanda Ya Fasa Jirginsa

Da zarar teku ta ja da safe, Hormuz Ali zai share kwanon shinkafarsa da ta kwana cikin ruwa, ya saɓa damin gora, ya faɗa laka har cinya. Mashigan tsibirin Char Kodom yake bi ɗaya bayan ɗaya yana cakawa, ya ga inda yashi ya taso da inda zurfi ya koma. Duk lungun da ƙaramin jirgi zai iya fakewa, sai ya kafa gora ya ɗaura mata tsumma. A gaɓar nan, mafakar bara tana iya zama kabarin bana. Ba wanda ya ɗauke shi aikin. Masunta sun taso sun tarar da gorori, sai suka ɗauka tsirowa suke yi.

Tofazzal, mai jirgin kamun kifin ilish, har yau bai manta da wata damina ba. Rana tsaka gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso, ga ruwa yana ja. Jirage suka sheƙo zuwa Babban Mashigi inda suka saba fakewa, sai ga Hormuz ya gitta musu jirginsa. Da safiyar ranar ya tarar yashi ya toshe bakin, ya kafa alama, iska kuma ta tuge ta.

"Kawu Hormuz, tsufa ne ko hauka? Kauce mana!" in ji Tofazzal.

"Bakin ya toshe! Ku yi arewa, ku shiga lungun cikin daji!"

"Shekaranjiya a nan na kwana, tsoho!"

"To zo ka kwana na har abada, ɗan nema!"

Ba wanda ya rage gudu. Sai Hormuz ya juya kan jirginsa, ya ba inji wuta, ya danna cikin mashigin a kan idonsu. Jirgin ya daki yashi, igiyar ruwa ta ɗaga shi ta fyaɗa, ya tarwatse kamar tsohuwar ƙwarya. Salati ya kaure. Kowa ya karkata arewa. Tofazzal ne ya tsamo Hormuz rungume da katako, goshi na jini, yana nuni da hannu yana cewa, "Hagu, hagu, kada ka taka tudun." Ranar jirgi ɗaya kawai teku ta ci.

Da ya isa gida, matarsa Fuljan ta leƙa bayansa ta ce, "Ina jirgin?" Ya faɗa mata. Ta ɗora hannu a ka ta zauna daɓas. "Mu kuma fa? Yashi za mu dafa?" Tun daga lokacin lebura ya koma a jiragen mutanen da ya ceta.

Watan jiya ya yanke jiki ya faɗi a laka, aka ɗauko shi zuwa rumfar mai shayi. Da aka ɗage zaninsa don a wanke shi, sai kowa ya ga halin da yake ciki. Gishiri ya cinye ƙafafun, gyambo kan gyambo, babu farce ko ɗaya. Tofazzal ya fita waje ya yi kuka kamar yaro. Da Hormuz ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Wa ya duba mashigin kudu yau?" Kowa ya sunkuyar da kai.

Kai ne katangar masu ƙaramin jirgi, Kawu Hormuz. Kai ka sa mata da yawa a tsibirin nan ba su yi takaba ba, kuma galibinsu ba su ma sani ba. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya saka wa Fuljan da ta haɗiye abin da ta haɗiye.

Ku kuma samarin Char Kodom, likita ya ce ba zai ƙara shiga laka ba. Yana nan kwance a gida, da taswirar gaɓar nan kaf a cikin kansa. Ku je ku durƙusa ku tambaye shi tun bakinsa na motsi.