Ranar da Kaka Ta Fara Ci

Duk lokacin da ƙanshin dankali a cikin mai ya bugi hancina, sai in tsinci kaina a Yamai, a hutun lakkol, wato makaranta, na bayan girbi, ina 'yar shekara tara. Ka yi haƙuri in na ja zancen. Jikar kakata ce ni, mu ko gaisuwa ba mu iya gajartawa ba.

A gidanmu na Allakaye ban taɓa ganin Kaka ta ci abinci tare da mutane ba. Ita ke rabon tuwo, ta ba maza, ta ba yara, ta ba makiyayin da ya ratso neman ruwa. Sai kowa ya wanke hannu sannan ta kankare gindin tukunya ta zauna bakin murhu. Abin ya daɗe yana ci wa Baba rai. Direba ne a Yamai, kuma shekarar nan ya aiko a kawo masa ni da ƙanwata da Kaka, wai zai kai mu wurin wasan yara mai lilo da dawakin ƙarfe masu zagayawa. Mu lilo muka sa a rai. Shi kuwa gidan abincin da ke ciki ya nufa, yana so ko sau ɗaya uwarsa ta zauna a kawo mata. Tun da kwana uku ya je ya rubuta suna, a ajiye masa tebur da ƙarfe ɗaya na rana. Suka gargaɗe shi cewa in ya makara da minti goma sha biyar, za a ba wani.

Mun iso da wuri. Amma a bakin ƙofa Kaka ta ji wata mai gyaɗa tana magana da harshen gida, ashe 'yar Deule ce, ƙauyen da ke kusa da namu. Shi ke nan. Aka gaida gida, aka gaida gajiya, aka tambayi damina da rijiya da wanda ya rasu da wadda ta haihu. Baba yana ta duban agogo, ga shi ba a katse uwa.

"Inna, lokaci na tahiya," ya ce a hankali.

"Lokaci na Allah na," in ji ta. "In ga mutunen gida in wuce kamar na ga kututture?"

Ko da muka isa, an ba wasu teburin. Matar da ke riƙe da littafin sunaye ta miƙa wa Baba 'yar takarda mai lamba, ta ce sai nan da awa biyu, kuma in an kira ba ma kusa, mun koma baya. Don haka ba lilo, ba doki. Muka zauna ƙarƙashin itacen bedi muna jin ihun yaran mutane. Ni da bakina, na ce wa Kaka ita ta ja mana, har yau ina jin kunyar wannan magana. Abin da ya ɗaure mata kai daban ne: yaya gida yana da abinci a tukunya a ce wa baƙo ya jira? Ta kwance bakin zanenta ta fiddo ƙuli-ƙuli da dabino, ta raba mana, ta raba wa yaran da ke jira kusa da mu, ba ta kai ko ɗaya bakinta ba. Baba yana kallo, ya sunkuyar da kai.

Bayan la'asar aka kira lambarmu. Baba ya yi wa mai kawo abinci raɗa, sai ga faranti ɗaya tak, shinkafa da zabo da dankali yana tururi, aka ajiye gaban Kaka. Ta fara tura shi wajen ƙanwata. Baba ya dafe bakin farantin.

"Inna, yau ke ka hwarawa."

"Yara ba su ci ba."

"Su jira. Ke shekara nawa kina jiranmu?"

Ta dube shi har na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ture cokali gefe, ta wanke hannu, ta yi bismilla. Tana sa yatsu ta janye da sauri, tana dariya tana hura su.

"Kai! Ashe da zahi haka shika zuwa?"

Baba ya juya fuska wajen taga, ya daɗe bai juyo ba. Yunwa na cina, amma na zauna ina kallon kakata tana cin abinci.

Yanzu da waya nake kama tebur, har ta gaya mini minti nawa ya rage, 'ya'yana kuma su yi ta ƙorafi kan minti goma. Kaka ta daɗe da rasuwa, ludayin rabo ya koma hannun mahaifiyata. In na je Allakaye, malmalar farko nake ɗauka in dire gabanta in tsaya. Takan ce birni ya ɓata ni, takan ce in ba ta wuri mutane na jira. Ba na gusawa sai na ga ta sa hannu.