Mutum Ashirin da Bakwai, Ba Gari

Duk shekara idan Babbar Sallah ta matso, ƙungiyar unguwarmu a Agege ta Legas takan ɗauki hayar motoci domin masu tafiya gida Arewa. Kawuna ne shugaba. A shekarar da na fara aiki a wani ofis a Ikeja, sai ya miƙo mini littattafai biyu: ɗaya na sunaye da lambar katin ƙungiya na kowa, ɗaya na lambobin da garin da mutum zai sauka.

"Tunda kin iya kwamfuta, ki fitar mana da mutum nawa ne za su kowane gari," in ji shi.

Na zauna lokacin hutun rana na shigar da su. Da lambar kati na haɗa jadawalin biyu, don akwai mutum bakwai masu suna iri ɗaya. Sannan na sa kwamfuta ta ƙirga 'yan kowane gari, na buga, na faɗa motar haya ta danfo ina jin kaina ƙwararriya. Ko kallon takardar ban yi ba.

Bayan la'asar Kawu ya tara dattawa a ƙofar gida, na miƙa masa takardar, ya gyara tabarau.

"Ashirin da bakwai. Goma sha ɗaya. Shida. Ɗaya." Ya juya bayan takardar, ya ɗago. "'Yata, waɗannan ashirin da bakwai ɗin ina suka nufa?"

Na leƙa. Layin garuruwa bai fito ba. Na manta ban zaɓe shi ba. Lambobi ne tsirara.

"Sakkwatawa ne!" in ji wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. "Wa ya kai mu yawa?"

Kanawa suka ce ba su yarda ba. Musu ya kaure, ana ta dariya. Wani tsoho mai gadi ya ɗaga sandarsa.

"Wancan ɗaya ɗin dai ni ne. Maraɗi. Kar a wahalar da yarinya."

"Kawu, ku yi haƙuri, gobe zan gyara," na ce, kunya kamar in nutse.

Washegari na mayar da layin, na ƙara sunaye da lambobin kati a ƙarƙashin kowane gari. Ashe ashirin da bakwai ɗin 'yan Zariya ne, waɗanda ko baki ba su sa ba a musun. Mai albasa ya sa aka sake karanta masa har sau biyu, sannan ya ce lallai kwamfutar Bazazzagiya ce.