Jambaki a Bakin Cokali

A layinsu ba wanda ya taɓa ganin mai kitson nan ba jambaki, shi ya sa ake ce mata Anti Ja. Mijinta ma kan tsokane ta wai da shi aka haife ta. Na bakin titi take saya, wanda ko suna babu a jikinsa, don yana wuni bai goge ba.

Ga ta da tattalin 'ya'ya. Ba ta ba autarta abinci sai ta fara kai cokalin bakinta ta ji zafinsa. Kullum cokalin da jan tabo.

Da yarinyar ta fara rama da ciwon ciki, aka auna jininta, likita ta ce akwai gubar dalma. Ta tambayi fentin ɗakinsu, ta tambayi ruwan da suke sha, sannan ta tsura wa leɓen Anti Ja ido.

"Kawo jambakin a gwada. Ba lallai shi ba ne, amma ki ajiye shi. Nan gaba ki nemi mai sunan kamfani da lambar rajista."

Har yau sakamakon bai fito ba. Anti Ja ta dirji leɓenta har ya tsage. Tana cikin kitso, waya na ƙara sai ta saki kitson ta duba ko daga asibiti ne.

Ɗazu ta miƙa wa autar cokali kai tsaye. Yarinyar ta kau da kai, ta turo shi bakin uwar.

"Mama, ke fara."