Simintin da Na Shafa wa Ɗakin Iya

Ni na kayar da ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. Na daɗe ina cewa ruwan sama ne, amma ni ne, kuma da ƙarya na fara.

Ɗakin soro ne a gidanmu na Tafoki, kakanmu Malam ya gina shi da hannunsa. Kusa da ƙofa, ƙarƙashin 'yar rumfa, akwai sawun yatsunsa biyar da ya danna a ɗanyen yaɓe. Tun da ya rasu, duk shekarar da za a yi sabon yaɓe sai Iya ta tsaya a kan masu aiki ta ce a kewaye wurin. A gindin bangon nan muke taruwa muna yara in sanyi ya shigo. Takan hura wuta da totuwar masara, ta jawo ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa. Ni take kira mijinta, irin wasan kaka da jika.

"Matso nan, mijina, rago mai cinye tuwon mata. Yau ma ba cefane?"

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta ɗaki mai magana. Wai wani mutum ne yake da ɗakin da kan kira shi kafin kowace damina, ya ce, "Maigida, shafa mani bayana." Sai ya kwaɓa ƙasa ya shafa masa. Da mutumin ya samu duniya, ya ji taɓa laka ya yi masa ƙasƙanci, sai ya ɗinka wa ɗakin babbar riga mai aiki ya lulluɓe shi. Jama'a suka zo kallo. Ɗaki ya yi ta kira daga cikin riga, ba mai ji. A nan Iya takan sassauta murya, ta yi tari irin na ɗakin, mu kwashe da dariya. "Ran nan ɗaki ya gaji da tsayuwa, ya ce bari in zauna. Ya ko zauna a kan tukwanen mai shi."

Na girma, lokacin da kuɗin man fetur suka buɗe aiki ko'ina, na tafi Kaduna leburancin gini. Wata takwas ina ɗaukar kwanon yashi, sai na ɗauki kaina magini. Na dawo gida da rediyo, da takalmi mai tsini, da buhun siminti huɗu.

Na iske Iya ta tara makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa da ƙasa don kada ruwa ya ci bango. Duk rani ta yi tana tarawa. Za ta tafi Mairuwa wajen 'yarta Gwaggo da ta yi haihuwa, sai ta bar mani yaɓen ɗakin, ta riƙe hannuna a zaure.

"Mijina, ƙasa da makuba, yadda Malam ke yi. Kuma ka kewaye mani yatsunsa. Ka ji?"

Na ce na ji, har da rantsuwa. A lokacin simintin yana ɓoye a ɗakin abokina.

Motarta na tashi na fara. Na watsar da makubar a bayan gida, na shafe bangon kaf da siminti, har saman soro, har bakin indararo na matse don ya yi kyau. Da na zo kan yatsun Malam na tsaya kaɗan, sai na ga za su ɓata mani aiki, na bi ta kansu. Samari suka taru suna cewa ɗakin ya zama na birni.

Ranar da ta dawo ba ta dubi kowa ba. Ta ajiye ƙunshinta, ta je ta ɗora tafin hannu inda yatsun suke, ta daɗe tana shafawa.

"Mi ka yi ma ɗakina, Sani?"

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ran nan. Na ce zamani ne, wannan ba ya buƙatar gyara har abada. Ta ce, "Da ka ce mani ba ka yi, da na nemi wani. Kai ko rantsuwa ka yi."

Siminti ba ya kama ƙasa, abin da ban sani ba ke nan. Ya tsattsage, ruwa ya riƙa shiga ta baya yana jiƙa tubali, daga waje kuma sumul. Da yaɓe ne, da an ga inda ya zaizaye an toshe. A damina ta biyu, da hantsi, Iya tana gidan maƙwabta, bangon gabas ya zube, azara ta biyo shi. Na zo na tsaya a kan kangon na ce ai ginin ya tsufa. Tana ji. Ta kwashe abin da ya rage na kwanukanta ta koma Mairuwa. Ƙannena ba su ƙara jin tatsuniya a gidan ba.

Shekara uku ina aika mata turmin atamfa, tana rabar wa jikoki. Sai a hankali na gane ba bangon ne ya fi yi mata ciwo ba. Ta ba ni amanar abu ɗaya da ya rage mata na mijinta, na dubi idonta na yi mata ƙarya.

A rani na huɗu na buga tubali da kaina, na bi gindin ɗorawa na tara makuba, na roƙi wani tsohon magini ya tsaya a kaina yana zagina har ɗaki ya tashi. Sannan na je Mairuwa. Na same ta a tabarma tana jan carbi. Na cire takalmi na durƙusa, na nuna mata hannuwana da makuba ta rina.

"Iya, ba ruwan sama ba ne, kuma ginin Malam bai tsufa ba. Ni ne. Na san da simintin tun ina yi maki rantsuwa. Na tada ɗaki, amma yatsun Malam ba ni da yadda zan maido su. Ko ba ki koma ba, don Allah ki yafe mani."