Biyar a Juya, Goma a Tashi

Ni ne golan da aka zura wa ƙwallo goma sha shida a wasa ɗaya, kuma wasan nan sai da muka yi masa zuwa biyu kafin ya ƙare. Duk wanda ya gaya maka a kasuwar Rogo cewa ashirin ne, ko ya ce gudu muka yi, ka turo mini shi.

Makarantarmu sakandare ce ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye cikin yankin Gwangwan. Filin ƙwallonmu tsohuwar gonar gyada ce, har yanzu kunyoyin ba su gama bajewa ba. In ka buga ƙwallo gabas, sai ta yi shawara da kanta ta nufi kudu. Raga babu, turaku biyu ne na darbejiya da igiya a sama. Bara ne aka ce an buɗe gasar makarantun shiyyarmu ga kowa. A da manyan makarantu huɗu ne kawai ke yin abinsu, yanzu aka ce duk makarantar da ke da yara goma sha ɗaya masu ƙafa ta shigo, sili ɗaya ƙwale, wanda aka ci ya koma gida. Ƙuri'a ta haɗa mu da wata makarantar kwana can wajen Karaye, wadda ta sha ɗaukar kofin har hannunsa ya fara lanƙwashewa.

Malamin wasanninmu asalinsa malamin noma ne, an ɗora masa wasanni don shi kaɗai ke da usur. Horon da ya ba mu duka bai wuce mu zagaya fili da gudu ba, sai kuma gargaɗin kada mu zagi kowa a garin mutane. Dokar wasa bai ce komai a kanta ba, don ya ɗauka mun sani. Mu ma mun ɗauka mun sani.

Mu tun muna tumɓur doka ɗaya muka tashi da ita: biyar a juya, goma a tashi. In wani ɓangare ya ci biyar sai a canja gida, in ya kai goma wasa ya ƙare, a gaisa, masu kiwo su koma su tattaro shanu kafin magariba. Ba wai ba ma jin ƙwallo a rediyo ba ne. Muna ji, muna kuma jin ana ta maganar mintoci. Sai dai ba mu taɓa jin an ci goma a rediyo ba, don haka muka ɗauka agogo an ƙirƙiro shi ne saboda mutanen da ba sa iya kai goma. Har gobe ban ga aibin wannan tunani ba.

A bayan akori-kura muka je, tare da buhunan dawa. Da muka sauka muka tarar da fili shimfiɗe kamar tabarmar liman, ga raga ta gaske, ga farin layi. 'Yan wasansu duk riga iri ɗaya, da safa, da takalma masu ƙusoshi. Mu kuwa singileti ne da muka rubuta wa lamba da shuɗi, rabinmu da kambas, rabi da ƙafar da Allah ya ba su. Mai lamba taransu gemu gare shi. Na rantse na ji wani yaro a bakin fili yana kiransa Baba.

Ta farko ban gan ta ba, iskarta kawai na ji. Ta biyu na gan ta, na kuma ga ya fi mini alheri in ba ta hanya. Da aka ci ta biyar na ɗauki hulata na kama hanyar ɗaya gidan, sai alƙalin wasa ya bi ni da usur ya koro ni. Kyaftin ɗinmu, wani dogon Bafulatani wanda ba ya magana sai ta kama, ya ce in ƙyale su, wataƙila su mutanen gari ba sa juyawa sai sun ga dama. Ai kuwa sai a bakwai aka tsaya aka sha ruwa aka juya, muka ce to, kowane gari da irin lissafinsa.

Bayan an dawo ba a jima ba ta goma ta shiga. Kyaftin ya je ya miƙa wa mai gemu hannu, ya ce Allah ya ƙara basira. Mu ma muka bi layi muka gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, suna ta kallonmu baki buɗe. Alƙalin wasa na ta busa, muka ɗauka busar tashi ce. Malam a lokacin ya zagaya masallacin makarantar yin la'asar. Direban akori-kura kuwa ɗan garinmu ne, shi ma da dokarmu ya girma, yana ganin ta goma ya tayar da mota. Da Malam ya fito, mun riga mun jeru a kan buhuna muna jiransa, har wani ya ɓare rake.

A hanya bai yi faɗa ba. Ya dai riƙe kansa da hannu biyu tun daga Karaye har gida.

Kafin mako ya zagayo labari ya riga mu zuwa ko'ina. Aka sa mana suna 'Yan Goma Tashi. In na je kasuwar Rogo, 'yan acaɓa sai su riƙa ƙirga mini, ɗaya, biyu, uku, in suka kai tara sai su kama babur ɗinsu wai kada in tsere da shi. Mai ƙosai ta zuba mini tara ta ce ba za ta cika ba, tana son in zauna. Wannan duk na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini shi ne wanda Malam ya dawo da shi daga taron malaman wasanni. Wai an ce buɗe gasar nan kuskure ne, wasan da wani ɓangare ke ci kamar an buɗe famfo ba ya koya wa kowa komai, yara ma har gudu suke yi daga fili. Za a koma makarantu huɗu kamar da. Mu ne aka kafa hujja da mu. Ke nan ba mu kaɗai za a kora ba, har da 'yan wajen ƙauyen da ake kira Turawa da sauran ƙananan makarantu da ba su ji ba ba su gani ba.

Kyaftin yana tauna tsinke ya tambayi Malam ko lokaci nawa ya rage sa'ad da muka tafi. Malam ya ce wajen rabin awa.

“To, Malam, a ba mu abinmu,” in ji shi. “Mu ba gudu muka yi ba, tashi muka yi. In wasa bai ƙare ba, mu je mu ƙarasa.”

Malam ya ce masa ya san daga goma za a ɗora? Kyaftin ya ce ai ko shanu in ka bar su a rafi, inda ka bar su nan za ka koma.

Ban san yadda Malam ya yi da jami'in wasanni na shiyya ba. Na dai ji an ce mutumin ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya zo roƙon ragowar duka ba. Ya ce zai zo da kansa ya gani, in muka tsaya har usur na ƙarshe zai sake duba maganar makarantu huɗun.

Muka koma a akori-kura ɗin nan dai, amma wannan karon Malam ya karɓi makullin motar ya sa a aljihu, ya kuma yi sallarsa da wuri. 'Yan kallo sun fi na farko yawa, har kan katanga. Muna shiga suka ɗauki waƙa, goma tashi, goma tashi. Na je na tsaya a gidana, na cire hular na rataye a jikin raga don kowa ya ga ba ni da niyyar zuwa ko'ina.

Sha ɗaya ta shiga ta tsakanin ƙafafuna. Sha biyu ɗan bayanmu ne ya taimaka musu da kai. Amma tsakanin sha biyu da sha uku na kama ɗaya, bugun mai gemu, ta same ni a ciki har na tuna koko na safe. Na rungume ta na kwanta a kai, sai da alƙalin wasa ya zo ya tambaya ko ina da rai. Daga nan kuma, ban san ta yaya ba, kyaftin ya ja ƙwallo da dogayen ƙafafun nan har gidansu, wani ya taɓa ta fita, aka ba mu bugun kwana. Kwana ɗaya tak. Malam ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Wanda ya buga kwanar ya aika ta bayan ɗakin girkinsu, amma wannan ba ya cikin labarin da muke bayarwa a gida.

Da aka ci sha huɗu alƙalin wasa ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. Ya ce yaro, kun yi ƙoƙari, bari in busa haka nan, babu wanda zai duba agogo. Ni kuwa gwiwata na jini, bakina ya bushe kamar ƙanzo.

“Ranka ya daɗe, agogon nan naka shi ya dawo da mu tun daga Gwangwan,” na ce masa. “Ka bar shi ya gama aikinsa.”

Ya dube ni, ya dubi agogon, ya koma tsakiya. Suka ƙara biyu. Da usur na ƙarshe ya tashi babu wanda ya motsa a cikinmu, sai da kyaftin ya je ya tambaya ko wannan ita ce ta gaskiyar. Aka ce ita ce. Sannan muka gaisa. Mai gemu ya riƙe hannuna ya ce, gola, kai mahaukaci ne. Na ce na gode, Baba, a gai da yara.

Jami'in ranar babur ɗinsa kawai ya hau ya tafi. Sai daga baya Malam ya zo da sakamakon taro: ba a bar gasar a buɗe ga kowa ba, ba a kuma koma huɗu ba. Takwas aka yanke. 'Yan wajen Turawa sun shiga, mu ne na takwas. Har yanzu akwai malaman da ke cewa irin wasanmu ɓata lokaci ne, babu abin da ake koya. Ni dai ban ga ɗayansu a gaban raga ba sa'ad da mai gemu ke tahowa.

An yi ƙuri'ar bana, ta sake haɗa mu da makarantar nan. Ina jin labarin na aika wa direban akori-kura cewa ya zo da tabarma, zai daɗe a zaune. Mun kuma fara baje kunyoyin filinmu da fartanya, Malam na tsaye a kanmu, wannan kam fanninsa ne.