Agwagwar da ta san sunana

Ku sababbin shiga, ku matso ku ji, don ranar nan har gobe ba ta bar kaina ba. Lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kamfani ya ba ni wata tsohuwa a unguwar Summerfield, Mama Rut. Mijinta ya rasu, mantuwa ta fara kama ta, amma sunan tsuntsu ko ɗaya bai ɓace mata ba.

A watan Mayu 'yarta ta biya mana tafiyar kallon tsuntsaye zuwa wani tsibiri can arewa. Sufabaizarmu ta ja mini kunne: "Hauwa'u, dokar ɗaya ce. Idonki kada ya bar kanta." Na ce ai an gama.

Ƙa'idar masu kallon tsuntsu ita ce shiru. Jagora yana gaba, kowa da madubin hangen nesa, ba mai ɗaga murya. Ya kuma gargaɗe mu cewa teku a nan yakan janye da safe, ya dawo kafin azahar ya shanye rairayin da muke takawa.

Muna kallon wasu dabbobin ruwa kwance kan duwatsu, sai hazo ya taso daga teku ya rufe mu ruf. Na sunkuya ɗaure igiyar takalmi kawai. Ina ɗagowa, babu Mama Rut.

Sai na ji daga cikin ruwa: "Hauwa'uuu."

Innalillahi! A duk tsibirin ba wanda ya iya faɗin sunana daidai, ita kanta tsohuwar Hawi take ce mini. Kakata kuwa ta sha faɗa mana, kiran da ba ka ga mai shi ba, ba a amsawa.

Jagora ya raɗa mini, "Agwagin teku ne, haka suke kuka." Sauran suka bazu neman ta wajen motar da ta kawo mu. Ni kuwa na ce a raina, in ni na ji sunana, ita me ta ji?

Na kama bakina gam, na bi kiran. Na same ta ruwa har gwiwa, tana ƙara gaba, tana murmushi.

"Mijina ne," in ji ta. "Rut yake cewa. Ba ki ji ba?"

Na ce, "Na ji, Mama. Ya ce ki koma ki sa rigar sanyi tukuna." Wallahi da haka ta juyo. Muna hawa tudu, ruwa ya rufe sawunmu.

Abin da na koya, a aikin nan tsare ƙofa da ba da magani ba su isa ba. Ki san wanda ke kiran tsohuwarki, don can za ta nufa.

A mota jagora ya kunna mini kukan agwagwar a wayarsa, wai hankalina ya kwanta. Na saurara, na ce ya maimaita. Kukan agwagwa ne zalla. Babu sunana a ciki.